Tambaya: sabunta Thunderbird a kan Debian 12 da haɗa masa ƙunshin ofis

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin harkar haɗa ƙunshi a Debian, domin na shafe kusan mako biyu ina fama da abu ɗaya, kuma duk hanyar da na bi sai ta ƙara dagula mini lissafi.

Ni ne mai kula da kwamfutoci 14 a wani ƙaramin ofis, dukkansu a kan Debian 12, wato Bookworm. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya ɗora tsarin daga faifan DVD jim kaɗan bayan fitowarsa a watan Yunin 2023, kuma saboda tsadar data da raunin intanet ɗinmu, ba a taɓa sabunta ko ɗaya daga cikinsu ba. Don haka Thunderbird ɗin da ma'aikata suke karanta imel da shi har yanzu siga ta 102 ce. Mutum biyar daga cikinsu akwatinsu na POP ne, ma'ana wasiƙunsu na shekaru suna zaune a kan kwamfutar kaɗai, babu kwafinsu a kan saba. Burina in kai kowa siga ta 128, in kuma cusa saitunan ofis a ciki tun daga tushe: takardar shaidar sabar imel ɗinmu, wadda mu muka sa wa hannu da kanmu, da kuma hana ma'aikata ɗora ƙare-ƙare (add-ons) barkatai.

Da farko na sauko da Thunderbird daga shafinsa na hukuma, na warware shi a cikin `/opt/thunderbird` a kan kwamfutata. Da na buɗe shi sai ya zo wayam, yana tambayata adireshin imel kamar ranar farko. Bayan gabana ya gama faɗuwa na buɗe shi da `-P`, na zaɓi tsohon furofayil, wato foldar da ke riƙe da wasiƙuna da saitunana, wasiƙuna suka dawo. To amma da na koma kan tsohuwar sigar ta 102 sai ta ƙi buɗewa, ta ce sigar da ta fi ta sabunta ta riga ta yi amfani da wannan furofayil, ko dai in ƙirƙiri sabo ko in fita.

Daga nan na naɗe waɗancan fayiloli a cikin ƙunshin .deb da `dpkg-deb --build`, na sa masa suna thunderbird da lambar siga 128.5.0-1. Abin mamaki, apt, manhajar da ke ɗora ƙunshe-ƙunshe a Debian, ya ce wannan komawa baya ne, alhali ko ɗan firamare ya san 128 ta fi 102, kuma ya nemi ya cire `thunderbird-l10n-ar` da `thunderbird-l10n-fr`, waɗanda wasu ma'aikata biyu suke amfani da su. Na tsorata na fasa.

A karo na uku na ce bari in yi abin yadda ya dace. Na ɗauko rubutun tushe (source code) daga unstable, wato reshen Debian mai sababbin sigogi, da `dget`, na kira `dpkg-buildpackage`, sai ya jero mini abubuwan da suka gaza: rustc, cargo, cbindgen da libnss3-dev duk sun tsufa. Na kawo sabon Rust, harshen da aka rubuta wani sashe na manhajar da shi, ta hanyar rustup, na tilasta ginin da `-d` don ya tsallake duba abubuwan da suka gaza, ya yi wajen awa huɗu yana tafiya a kan kwamfuta mai ram gigabait 4, sannan tsarin ya kashe shi saboda ƙarancin ram. Washegari na sake gwadawa, aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin.

Tambayata ita ce: wace hanya ce sahihiya ta gina wannan ƙunshi a kan Bookworm, kuma yaya zan raba shi ga kwamfutoci 14 ba tare da kowace ta ci data daban ba? Allah ya saka da alheri.

Bakano ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sake kunna janareto saboda wannan gini, buga `apt policy thunderbird`, sannan ka duba abin da ke cikin `/etc/apt/sources.list`. Ina kyautata zaton layi ɗaya za ka tarar, wanda ya fara da `deb cdrom:`, domin haka ake samu idan an ɗora Debian daga faifai babu intanet kuma ba a koma an gyara ba. Idan haka ne, abin da ka yi mako biyu kana ƙoƙarin ginawa yana nan a gine, an gwada shi, an sa masa hannu, yana jiranka a rumbun tsaro na Debian. Ka ƙara waɗannan layuka, ka toshe na faifan da alamar #:

`deb http://deb.debian.org/debian bookworm main`
`deb http://deb.debian.org/debian bookworm-updates main`
`deb http://security.debian.org/debian-security bookworm-security main`

Ka lura da yadda aka rubuta layi na uku. Tun daga Debian 11 sunan ya koma `-security` a manne da sunan fitowar, alhali tsofaffin darussan da ke yawo a intanet suna nuna salon `buster/updates`, wanda ba zai yi maka aiki ba.

Na san abin da ya sa ba ka yi tsammanin samun 128 a can ba. Ƙa'idar Debian ita ce, da zarar fitowa ta tabbata ba a sauya sigar manhaja, sai dai a ɗauko facin da ya toshe ɓaraka a liƙa wa tsohuwar. Amma Firefox da Thunderbird suna cikin 'yan kaɗan da aka yi wa togaciya, domin injinsu ɗaya ne, Gecko, kuma girmansa da saurin sauyawarsa sun sa ba mai iya ci gaba da yi wa sigar da Mozilla ta yasar faci. Saboda haka Debian tana bin layin ESR, wato sigar da ake tallafa wa na tsawon lokaci, wadda take fitowa sau ɗaya a shekara: 102 a Yunin 2022, 115 a Yulin 2023, 128 a Yulin 2024. Idan sabuwa ta fito, tsohuwar takan ci gaba da samun gyara na 'yan watanni, daga nan masu kula da ƙunshin su tsallaka da kowa zuwa sabuwar ta rumbun tsaro. Bookworm ta fito da 102, ta hau 115, ta hau 128, duk ta wannan ƙofa. Kwamfutocinku ne kawai ba su ji labari ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ka auna kafin ka ɗauki nauyin gini da kanka. Ba gini ɗaya ba ne. Kusan kowane mako huɗu ana fitar da gyaran tsaro, wani lokaci da na gaggawa a tsakani, kuma manhajar imel ita ce take buɗe saƙon duk wanda ya ga damar aiko muku da shi, da hotunansa da abin da ya maƙala. Ranar da ka ɗora ƙunshinka a madadin na Debian, ka zama kai ne sashen tsaro na ofishinku, kuma watan da ka yi tafiya ko rashin lafiya, kwamfutoci 14 za su zauna da ɓaraka a buɗe. Rubutun tushen kaɗai, a matse, ya haura megabait 500, alhali ƙunshin da aka gama ginawa bai kai megabait 100 ba, don haka ko ta fuskar data ma ginin ya fi tsada.

Maganar rabawa kuwa mai sauƙi ce. Zaɓi kwamfuta ɗaya da ba a cika kashewa ba, ka ɗora mata `apt-cacher-ng`. Tana sauraro a tasha ta 3142. A kan sauran ka ƙirƙiri fayil a cikin `/etc/apt/apt.conf.d/` mai layi ɗaya, `Acquire::http::Proxy`, da adireshin waccan kwamfutar. Ta farko da ta nemi ƙunshi ita ce za ta ci data, sauran 13 daga cikin gida za su ɗauka. Da gangan na rubuta layukan sama da http, domin ma'ajin ba ya iya adana abin da ya wuce ta https sai da ƙarin saiti, kuma babu haɗari a ciki, tunda apt yana tantance sa hannun Debian a kan jerin ƙunshe-ƙunshen ko ta wace hanya suka zo. Wannan zai yi maka amfani ƙwarai a zagayen farko, domin tsarin da bai ga sabuntawa ba tun 2023 zai nemi ɗaruruwan ƙunshe-ƙunshe, ba Thunderbird kaɗai ba. Idan akwai kwamfutar da ba ta kan layin ofis, `apt-offline` yana yin irin wannan aiki da filashi.

Saura saitunan ofis, kuma a nan ne sha'awarka ta haɗa ƙunshi take da gurbi. Tun siga ta 68 Thunderbird yana karanta fayil mai suna `policies.json`, kuma a Linux yana duba shi a `/etc/thunderbird/policies/`. A cikinsa `ExtensionSettings` yana hana ɗora ƙare-ƙare ko ya halatta waɗanda ka zaɓa, `Certificates` yana shigar da takardar shaida, `Preferences` yana kulle saiti yadda ma'aikaci ba zai iya sauyawa ba. Ka haɗa ɗan ƙaramin ƙunshi na daban, ka ce masa misali `ofis-thunderbird`, Architecture ɗinsa `all`, ya dogara ga thunderbird, ya ƙunshi wannan fayil da takardar shaidar. Cikin daƙiƙoƙi ake gina shi, kuma duk sigar da Debian ta kawo gobe, saitunanka suna nan daram.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Na yarda da duk abin da Malam Bakano ya faɗa, sai dai ina roƙon Malam Sabon Shiga kada ya buga `apt upgrade` a kan ko ɗaya daga cikin kwamfutoci biyar masu POP sai ya karanta wannan. Manhaja idan ta lalace ana sake ɗora ta, amma wasiƙun shekara takwas na ma'ajin ofis ba a sayar da su a kasuwa, kuma garin gyaran gira bai kamata a rasa ido ba.

Abubuwa biyu da suka firgita ka a gwajin farko, duka da gangan aka tsara su. Tun siga ta 68, kowane wurin da aka girka Thunderbird yana da furofayil ɗinsa, kuma ana rubuta wannan a `installs.ini` da `profiles.ini` a cikin `~/.thunderbird`. Da ka buɗe na `/opt`, ya ga kansa baƙo ne, sai ya yi wa kansa sabon ɗaki. Da ka nuna masa tsohon, ya rubuta lambarsa a fayil ɗin `compatibility.ini`, shi ya sa 102 ta ƙi shiga. Za ka ga masu ba da shawarar `--allow-downgrade` ko goge wancan fayil. Ƙofar za ta buɗe, amma sabuwar siga ta riga ta sauya tsarin wasu rumbunan bayanai na ciki, kuma tsohuwar tana iya ɓata su a hankali ba tare da ta yi kuka ba. Tunda 128 za ka je, ka bar kwamfutarka yadda take, ƙunshin Debian zai buɗe furofayil ɗin idan lambarsa ta kai ko ta wuce wadda ka gwada, iyaka dai wataƙila ka sake nuna masa shi da `-P`.

Ga sauran kuwa, a rufe Thunderbird gaba ɗaya, a tabbatar da `pgrep thunderbird` cewa babu saura, sannan a kwafe `~/.thunderbird` dungurungum. Wasiƙun POP suna cikin foldar `Mail`, kowane akwati fayil guda ne a tsarin mbox, wato duk wasiƙun a jere ɗaya bayan ɗaya, tare da ɗan fayil mai ƙarewa da `.msf` wanda fihirisa ce kawai. Kalmomin sirri suna cikin `logins.json`, amma mabuɗinsu yana cikin `key4.db`, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan. Littafin adireshi `abook.sqlite` ne. Wanda yake amfani da OpenPGP wajen kulle wasiƙu, mabuɗansa ma a cikin furofayil suke tun da aka daina amfani da Enigmail a siga ta 78. Abu ɗaya da za ka iya bari idan wuri ya yi ƙaranci shi ne `global-messages-db.sqlite`, domin na bincike ne, zai sake gina kansa.

Hattara da filashi. Yawancinsu da tsarin FAT32 suke zuwa, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, kuma akwatin mutumin da ake aiko wa takardu masu nauyi yakan wuce haka. Na taɓa ɗaukar kwafin da ya yanke a tsakiya, ban sani ba sai ranar da na buƙace shi. Ka mayar da filashin ext4 ko exFAT, kuma ka buɗe kwafin a wata kwamfuta ka gani da idonka kafin ka yarda da shi.

Ka kuma shirya wa ƙorafi. Daga 102 zuwa 128 za ku tsallake 115, wadda aka yi wa laƙabi da Supernova, kuma a cikinta aka sake gina jerin wasiƙu da jerin foldoji da sandar umarni ta sama. Wanda ya saba da fuska ɗaya tsawon shekaru zai ce an sauya masa manhaja. Salon tebur na da yana nan kusa da sabon salon kati, ana zaɓa daga saman jerin wasiƙu. Wasu ƙare-ƙare za su daina aiki har sai an sabunta su, haka ma duk wani kwaskwarima da aka yi da `userChrome.css`. Ka fara da kwamfuta ɗaya mai IMAP, wato wadda wasiƙunta suke zaune a kan saba, ka ba ta kwana biyu. A cikin gwajin ka aika wasiƙa mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ a kanun saƙo, a jikinsa, da kuma a sunan fayil ɗin da ka maƙala, ka duba yadda ta isa, sannan ka nemo ta da akwatin bincike.

Dattijo ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. An amsa abin da ofis yake buƙata, amma yaron nan ya yi tambaya a kan haɗa ƙunshi, kuma bai kamata ya tashi bai san dalilin da ya sa apt ya ce 128 ba ta kai 102 ba.

Lambar siga a Debian kashi uku ce. Idan ka duba za ka ga na Thunderbird ta fara da `1:`, kuma wannan lambar da ke gaban ɗigo biyu, wadda zan kira lambar zamani, ita ake fara kwatantawa. Ƙunshin da bai rubuta ta ba, sifili ake ɗaukar masa. Don haka naka zamani na 0 ne, nasu na 1, kuma ba a ma kai ga duba 128 da 102 ba aka yanke hukunci. Gwada da `dpkg --compare-versions` ka gani. Kashi na biyu lambar masu manhajar ce, na uku kuma, bayan karan tsakiya, na Debian ne. A nan za ka ga abu kamar `-1~deb12u1`. Alamar ~ ita ce mafi ƙanƙanta a lissafin dpkg, ta fi ma rashin komai ƙanƙanta, saboda haka `-1~deb12u1` yana ƙasa da `-1`. Hikimar ita ce, ranar da ka ɗaga tsarin zuwa Debian ta gaba, ƙunshin can zai hau kan na Bookworm ko da lambar masu manhajar ɗaya ce. Ƙunshe-ƙunshen harshe kuwa, daga tushe ɗaya ake gina su da uwar manhajar, kuma kowanne an ɗaure shi da sigar da aka gina su tare, shi ya sa apt ya nemi cire na Larabci da na Faransanci.

Idan wata rana dole ta sa ka gina, misali akwai facin da aikinku ba ya yiwuwa sai da shi, kada ka ɗauko daga unstable. Ka ƙara layin `deb-src` na bookworm-security, ka yi `apt source thunderbird`, domin wannan an riga an daidaita shi da Bookworm. Rust ɗin Bookworm 1.63 ne, ya yi wa wannan aiki tsufa, shi ya sa Debian take ajiye wani sabo a gefe mai suna `rustc-web` saboda Firefox da Thunderbird da makamantansu, kamar yadda aka yi `rustc-mozilla` a fitowar baya. `apt build-dep thunderbird` zai jawo shi da kansa. Rustup da `-d` da ka yi amfani da su gyaran gangar Auzinawa ne, domin ko ginin ya kammala, ka samu ƙunshin da babu wanda zai iya maimaita shi, har da kai. Facinka ka sa shi a `debian/patches` ta hanyar quilt, ka rubuta sunansa a fayil ɗin `series`, ka ƙara bayani da `dch --local +ofis`, wanda zai liƙa `+ofis1` a ƙarshen lambar. Da haka naka zai hau kan na yanzu, na tsaro mai zuwa kuma zai hau kan naka, ka rasa facin na ɗan lokaci amma ba ka rasa tsaro ba. Ka yi ginin a cikin sbuild ko pbuilder, wato tsaftataccen keji da ba ya ganin tarkacen kwamfutarka, sannan ka bi shi da lintian, mai duba ko ƙunshi ya bi dokokin Debian. Ka tanadi fili kamar gigabait 30, da ram da bai gaza gigabait 8 ba, domin wurin haɗa `libxul.so` ne ƙananan kwamfutoci suke sarewa. Rage yawan ayyukan da ke tafiya lokaci guda da `parallel=2` a cikin `DEB_BUILD_OPTIONS` yana taimakawa.

Akwai kuma batun suna. Mu da muka daɗe muna tuna lokacin da babu Thunderbird a Debian sai Icedove, babu Firefox sai Iceweasel. Saɓani ne ya taso a 2006 kan tambarin Mozilla da sharuɗɗan amfani da sunan a kan manhajar da aka yi wa faci, kuma sai a 2016 Firefox ya dawo da sunansa, Thunderbird kuma a 2017, har aka riƙa kwashe furofayil daga `~/.icedove` zuwa `~/.thunderbird`. Lasisin rubutun tushe ya ba ka damar sauya abin da ka ga dama, amma suna da tambari dokarsu daban. A cikin ofishinku wannan ba abin damuwa ba ne, sai dai ranar da ka fara raba wa jama'a ginin da ka sauya.

Inda na ɗan saɓa da Bakano shi ne, ban so ka fita da tunanin cewa gini aikin wasu ne. Ka koya, amma ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi. Ɗauki Claws Mail ko mutt, waɗanda aka rubuta da harshen C kuma suke ginuwa cikin mintuna ko a kan kwamfutarka mai gigabait 4, ka karanta `debian/control` da `debian/rules` da `debian/watch` nasu, ka sauya abu ɗaya ka sake ginawa. Bayan haka ka leƙa ma'ajin Thunderbird na ƙungiyar Mozilla ta Debian a Salsa, shafin da Debian take ajiye rubutun tushe, za ka fahimci abin da kake kallo.

Ɗan Zongo ya rubuta:

Gafarta malamai, me zai hana a yi amfani da Flatpak, hanyar ɗora manhaja da ba ta bi ta apt, a huta? Thunderbird yana kan Flathub, rumbun Flatpak, kuma ba ruwansa da tsufan laburaren Bookworm. Ubuntu ma tun 24.04 ta daina ba da shi a .deb na gaske, ta mayar da shi snap, wani tsari mai kama da Flatpak.

Bakano ya rubuta:

Hanya ce mai kyau ga mai kwamfuta ɗaya da intanet wadatacce, ɗan'uwa, amma ba ta dace da wannan ofis ba. Flatpak yana zuwa da nasa harsashin na ɗaruruwan megabait, ba ya bi ta apt-cacher-ng, kuma furofayil ɗinsa a ƙarƙashin `~/.var/app` yake zama, ma'ana sai an yi ƙaura da wasiƙun mutum 14, har da biyar ɗin da Malama ta ja kunne a kansu. Ubuntu ta zaɓi snap ne don ta gina sau ɗaya ta raba wa fitowarta daban-daban, wanda sauƙi ne ga masu ginin. Tunda Debian tana ci gaba da ɗaukar wannan wahala a madadinmu, ban ga dalilin ƙaura ba.

Sabon Shiga ya rubuta:

Allah ya ƙara ilimi, malamai. Yadda Malam Bakano ya faɗa haka na tarar, layin faifai kaɗai ne a cikin fayil ɗin. Na gyara, na kafa apt-cacher-ng a kan kwamfutar liyafar baƙi, wadda take kan inbata, na goge `/opt/thunderbird`, kuma yanzu kwamfutoci tara suna kan 128, da Larabcinsu da Faransancinsu. Shawarar Malama ta cece ni, domin akwatin mutum ɗaya ya kusa gigabait 6 kuma filashina FAT32 ne. Masu POP na bar su sai ranar Asabar da babu kowa a ofis. Gwajin haruffa masu lanƙwasa ya tafi lafiya.

Na haɗa `ofis-thunderbird` ta hanyar debhelper, kayan haɗa ƙunshi na Debian, kuma hana ƙare-ƙare yana aiki. Abu biyu suka rage. Takardar shaidar na sa ta a `/usr/local/share/ca-certificates`, na sa ƙunshin ya kira `update-ca-certificates`, kuma `curl` ya amince da sabar, amma Thunderbird har yanzu yana gargaɗi, lintian kuma yana ƙorafi a kan wurin da na ajiye ta. Na biyu, yanzu da filashi nake yawo ina ɗora ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, ina so ya riƙa zuwa ta apt kamar sauran.

Dattijo ya rubuta:

Madalla. Thunderbird ba ya duba ma'ajin takardun shaida na tsarin, wanda curl yake dubawa, nasa na NSS, laburaren tsaro na Mozilla, yake amfani da shi, wato `cert9.db` na cikin furofayil tare da jerin da aka gina shi da shi. Lintian kuma yana da gaskiya, dokar Debian ta hana ƙunshi ajiye fayil a `/usr/local`, wurin mai kula da kwamfuta ne. Ka mayar da takardar `/usr/share/ofis-thunderbird/`, ka rubuta cikakkiyar hanyarta a ƙarƙashin `Install` na sashen `Certificates`, kuma ka tabbata takardar da ta sa wa ta sabar hannu ce ka saka, idan daban suke. Bayan ka sake buɗe manhajar, shiga shafin bayanan warware matsala daga menu na taimako, ka buɗe `about:policies`, akwai sashen kurakurai da zai nuna maka idan waƙafi ɗaya ya ɓata fayil ɗin. Ka kuma sani cewa debhelper yana ɗaukar duk abin da ke ƙarƙashin `/etc` a matsayin fayil ɗin saiti, don haka idan ka gyara `policies.json` da hannu a kan wata kwamfuta, dpkg zai tsaya ya tambaye ka a sabuntawa ta gaba. Gyaran ka riƙa yin sa a cikin ƙunshin, ka ɗaga lambarsa da dch.

Na biyun aikin `reprepro` ne, manhajar kafa rumbun apt na kanka. Ka kafa shi a kan kwamfutar da ke riƙe da ma'ajin, ka yi masa mabuɗin GPG na sa hannu, ka fitar da foldar ta ƙaramar sabar yanar gizo. A kan sauran kwamfutoci ka ajiye mabuɗin jama'a a `/etc/apt/keyrings/`, ka nuna shi da `signed-by` a layin rumbun, don ya zama wannan rumbu kaɗai yake wa shaida, kuma ka guji `trusted=yes`. Idan ka ɗora `unattended-upgrades`, mai sabunta kwamfuta da kansa, rumbun tsaro na Debian yana cikin saitinsa tun asali, amma naka sai ka ƙara shi da hannu a `50unattended-upgrades`. Ranar Asabar kuma ka fara da mai gigabait 6 ɗin, tun wuta tana nan.